Gayaunar Auta

Yayana Atu manomi ne a wata unguwa kusa da Tsiga, kuma ban taɓa ganin mai son ƙasa irinsa ba. Kana yi masa magana, rabin hankalinsa na kan hadari. Ni ce Rahab, ƙanwarsa. A gidansa na zauna bayan rasuwar mijina, don haka da idona na ga abin da zan faɗa.

A gidanmu, tun kafin iyayenmu su shiga coci, kyauta ɗaya ake yi wa yaro in ya cika shekara goma sha biyar. A yanka masa gayauna, wato 'yar gonarsa a gefen gandu, a miƙa masa sabuwar fartanya. Da safe ya yi wa gida noma, da yamma ya yi nasa. Abin da ya noma nasa ne, ba mai tambayarsa. Daga ranar nan an daina kiransa yaro.

'Ya'yan Atu maza uku ne. A 1972 ya yanka wa Bitrus tasa. Yaron ya shuka auduga shekara uku, ya kai fuloti, inda ake awon auduga, ya sayar, da kuɗin ya shiga mota sai Kaduna, ya zama soja. Luka ma da ya samu tasa haka ya yi, sai dai shi a Funtuwa ya tsaya, yana ɗinki a bakin tasha. Duk Kirsimeti sukan zo da sabulu da shinkafa, su kwana biyu, su koma. Atu ya karɓa ya yi godiya, amma gandu kullum ƙara yi masa faɗi yake, bayansa kuma ya fara lanƙwashewa.

Saura auta, Enoch. A 1984 ya cika sha biyar. Atu ya same ni ina sussukar dawa, ya zauna a kan turmi kamar wanda ya dawo daga tafiya.

"Rahab, na gano abin da ke kore mini 'ya'ya. Gayaunar nan ce. Ni da hannuna nake ba su kuɗin mota."

"To, Yaya, me za ka ba shi?"

"Keke. Ya hau ya zaga gari, ransa ya yi sanyi, ya zauna kusa da ni."

Na ce masa ya dubi yaron da kyau. Enoch tun yana ɗan shekara goma yake tara tokar murhu da kashin awaki a bayan rumbu, ya ma zaɓi wurin da yake so, gefen rafi inda ƙasa ke riƙe ruwa. Atu bai ji ba. In ya kafe, ko fasto ba ya juya shi. Ya sayar da ɗan maraƙi a kasuwar Malumfashi, ya turo keke sabo fil har gida, gumi na zuba, yana murmushi.

Yaran unguwa suka yi ta ihu. Enoch ya durƙusa ya yi godiya. Da la'asar ya zo inda nake.

"Gwaggo, me na yi wa Baba? Yayyena ya ba su ƙasa, ni ya ba ni abin wasa. Har yanzu yaro nake a wurinsa?"

Na je na faɗa wa Atu. Ya ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Gaskiya na gaji da shiga tsakaninsu, na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin shirun nan.

Damina biyu yaron ya yi yana noma a gandu. Da bazara ta uku ta zo, ya ɗaure tabarma a bayan keken, ya yi sallama, ya nufi Dandume. A can wani manomi, Malam Maiwada, ya ɗauke shi aiki, ya kuma yanka masa fili. Muka riƙa jin labarin masararsa a bakin 'yan kasuwa. A cikin ukun, shi kaɗai ya zama manomi.

Atu ya tsufa lokaci ɗaya. A 1988 ya sa aka kira masa Enoch, ya kai shi gefen rafi, ya nuna masa wurin da sanda, ya miƙa masa fartanya da ya sa maƙeri ya yi.

Enoch ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana duban wurin.

"Na gode, Baba. Amma na riga na zuba taki a can."

Ya kwana ɗaya, da safe ya ɗaure fartanyar a bayan keken ya koma. Atu bai taɓa shuka komai a gefen rafin ba, bai kuma bari kowa ya shuka ba. Duk shekara dai sai ya ɗauki sandarsa ya je ya nome ciyawar.