Zanen da Dakta Temi Ta Yi wa Maimunatu

A layinmu aka haifi Dakta Temiloluwa, a unguwar Nasarawa ta Jos, gidan da ke jikin injin markaɗe. Uwarta, Iya Tope, atamfa take sayarwa a kasuwar Taminus. Mu Anti Temi muke ce mata. Da rikicin farko ya ɓarke iyayenta suka kwashe kaya suka koma Daɗin Kowa, kamar sauran Kiristocin layin. Daga nan sai dai a haɗu a kasuwa a gaisa a tsaitsaye.

Ta gama karatun likita, muka ce to, an huta. Ashe somin taɓi ne. Ta wuce Ibadan ta ƙara wasu shekaru tana koyon gashin ciwon daji. Ni da na jefar da biro tun aji uku na kama Keke Napep, na tambaye ta ko irin gashin masara ne. Ta ce, "Kusan haka, sarkin surutu. Sai dai wutar ba a ganinta, kuma in ka kuskure wurin ka ƙona lafiyayyen nama." Yawancin 'yan ajinsu sun tsallaka ƙasar waje. Ita ta dawo Jos, asibiti mai na'ura ɗaya tal, mutum ya yi watanni yana jiran layi. Wasu suna kan jiran ake musu sallar gawa.

Maimunatu tela ce a layinmu, ita ta ɗinka wa Temi yunifom na firamare. Kullutu ya fito mata a mama, ta ɓoye har ya daina ɓoyuwa. Aka yi aiki aka cire, aka ce saura gashi, kuma kada a ɓata lokaci. Layi ya zo kanta da ƙyar.

Kafin gashi, sai an auna mutum an zana alamomi a fatarsa da alƙalamin maka, don wutar ta riƙa sauka wuri ɗaya kullum. Layi ne a tsaye, layi a kwance. Temi ta ce, "Mama, ki yi wanka, ki yi alwala, amma kada soso ya taɓa nan. In ya goge, sai an sake awo."

Maimunatu ta ce, "Oh ni! Yau 'yar Iya Tope ke min zane da alli. Ki bar inci ɗaya na ɗinki dai."

A gida mijinta Baba Datti ya gani. Ƙaninsa a rikici ya tafi, ko gawa ba a samu ba. Ya ga kuros irin na coci a ƙirjin matarsa, ya ga wani a haƙarƙari, kuma ya san hannun da ya zana. Bai yi faɗa ba. Kalanzir ya kawo da tsumma.

Ranar gashi Maimunatu ba ta zo ba, aka ba wani gurbinta. Temi ta ce in kai ta gidan. Rabonta da layin tun tana budurwa. Ta durƙusa a ƙofar gida.

"Baba, awo ne. Kowa haka ake masa, har limamai."

"Likita, ba na zarginki da komai. Amma matata ba za ta haɗu da Ubangijinta da wannan a jiki ba."

"Don kada ta haɗu da Shi yanzu na zana, Baba."

"Rai ba a hannunki yake ba, 'yata. Ki gaida Iya."

A hanyar komawa na nemi abin dariya na rasa, ni da ko a maƙabarta ba na rasawa.

Suka koma jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Damina ta wuce. 'Yarta Sumayya ce ta maido ta asibiti, a goye, ciwon ya shiga ƙashi. Temi ba ta ce da ma ba. Ta ce gashin yanzu ba zai warkar ba, zai dai rage raɗaɗi ta sami barci. Wannan karon ta sa aka shigo da Baba Datti. Ta kunna masa jan hasken da na'urar ke sakawa, layi biyu suna gittawa, ta miƙa hannunta a ƙarƙashi ta zana wa kanta, sannan ta ba shi makar. Ya bi hasken a ƙugun matarsa.

Maimunatu ta leƙa ta ce, "Malam, ka karkace. Shi ya sa ban taɓa ba ka almakashi ba."

Ta sami barcin. Kafin azumi ta rasu. Masu wankan gawa suka ga zanen suka nemi soso, Sumayya ta ce su bari, na Baba ne.

Temi tana nan a asibitin. Har yau ba ta zana wa matar aure sai ta kira mai gidan ta fara da hannunta. Duk ranar aiki za ka ga bayan hannun nan da baƙin maka, sabo a kan tsoho.