Yadda Ilyasu Injiniya ya koma Kopiye-Kole

A Ibohamane kowa ya san Ilyasu, wanda ya raɗa ma kanshi Injiniya. Ba shi da aiki illa zuba ma mutane waƙoƙi a portabul, wato wayar hannu, amma in ka ji shi bakin kasuwa sai ka rantse shi yaƙ ƙera intanet.

Ran nan Inna Altine ta kawo mishi wani kile, ɗan abin aje waƙoƙi da hotuna da aka soka ma kwamfuta, ƙulle a bakin zane. Ciki akwai muryar mijinta marigayi Barmo, wadda mutanen purje, masu aikin raya karkara, sunka ɗauka lokacin dashen itace a Keita. Shekara tara ba ta ji muryar nan ba. Ilyasu ya bugi ƙirji, yac ce kahin la'asar ta ji ta.

Hishiyen, wato fayil ɗin da muryar take ciki, ya ƙi buɗuwa. Anka ce mishi sai ya ɗauko rubutun wani lozisiyel, wato manhaja, mai warware irin wagga murya, ya gina shi da kanshi. Kalabiyen ordinatanshi ɗan Illela, allon da aka danna haruhwan kwamfuta, ya daɗe da mutuwa, sai ya aro na Murja, sakatariyar meri, ohishin magajin gari. Aikin dai kwahi da liƙi ne, kopiye-kole in ji masu Faransanci: ya kwaso umarni, ya manna, rubutu na ta zuba, shi ko yana girgiza kai kamar yana ganewa.

Ginin ya ƙare, saura girkawa, sai injin ya nemi modepas, kalmar sirrin da Ilyasu yas sa mishi. Ya buga Mairamu, sunan wadda taƙ ƙi shi bara. Ba ƙwayar harahi da ta hito, injin yac ce ƙarya ne. Kwana ukku Inna Altine na zuwa da tabarmarta, shi ko yau laihin koneksiyon ɗin intanet, gobe na Turawa.

Murja ta zo amsar kayanta. Ta buɗe wurin rubutu, ta danna A, sai ga Q.

"Injiniya, injinka Ingilishi ya sani, kalabiyena Faransi. Kwana ukku ba ka rubuta ko kalma guda ka duba ba?"

Tac ce ya hwaɗi modepas ɗin. Ya hwaɗa ƙasa-ƙasa, amma duk rumfa ta ji. Ta maida injin Faransi, ta buga sunan, ya amsa.

Sai ga Barmo yana gyaran murya. Inna Altine ta matso, ta kara kunne.

"Shi ne. Ga tarin nan nashi."

Da za ta tahi, ta shi ma Murja albarka, ba Ilyasu ba. Ilyasu ko, tun ran nan ba mai kiranshi Injiniya. Kopiye-Kole aka ce mishi, kuma yana amsawa.