Ruwan Alhamis

Shekara goma sha tara Malam Tambaya ya yi yana riƙe da makullin ƙofar ruwa ta Zangon Marke, wani ƙauye da ke gefen kanal tsakanin Bunkure da Kura. Makullin wani ƙarfe ne mai tsawon kamu ɗaya da ake zurawa a kan ƙofar a murɗa, ta ɗaga, ruwa ya bar babban kanal ya shiga ƙaramin da ke ratsa gonakin rani. Gonaki arba'in da ɗaya ne a kan ƙaramin kanal ɗin, kowace da ranarta da awanninta. Manoman ne suka zaɓe shi, kuma aikin ba shi da albashi, sai kwandon tumatir ko 'yar alkama da mai niyya ke kai masa bayan girbi.

Gajere ne, ba ya ɗaga murya, kuma bai yi boko ba. Amma yana da agogon hannu, da shi yake raba ruwa. In wani ya ce a ƙara masa minti goma saboda zumunci, sai ya nuna masa agogon ya ce, “Roƙe shi. Ni ina da surukai, shi ba shi da su.”

A cikin rabon nan akwai wasu awanni biyar da ba na kowa ba: ranar Alhamis, daga azahar zuwa magariba. A lokacin kowa yana toshe bakin gonarsa, a bar ruwa ya wuce har ƙarshen kanal, ya zuba a wani kwari da ke riƙe shi tsawon mako. A nan shanun rugar Ardo Gidaɗo suke sha. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Lokacin da aka shimfiɗa gonakin rani, tsohuwar mashayar Fulanin ta faɗa cikinsu, sai dattawan wancan zamani suka yi magana da baki, magana ta zauna. Saniyar da ta sha a kwari ba ta hawa gaɓar kanal, ba ta shiga gonar kowa.

A watan Nuwamba na shekarar 2007 zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, daidai lokacin dashen tumatir. Manoman da ke saman kanal, waɗanda suka fi gonaki da iyalai, sun faɗaɗa dashe a shekarar, ruwansu ya kasa. Idonsu ya faɗa kan awannin Alhamis. Mai neman kansila a jam'iyyar da Tambaya ya daɗe yana bi shi ne Lukmanu, ɗan amininsa, yaron da aka raɗa wa suna Tambaya yana zaune a wurin. Na saman kanal suka ce wa Lukmanu in yana son ƙuri'unsu ya kawo musu ruwan Alhamis. Mutanen ruga kuwa kaɗan ne masu katin zaɓe, su ma ɗin ɗaya ɓangaren suke yi.

Wata safiya Lukmanu ya ajiye mota a bakin hanya ya tako har gonar Tambaya.

“Baba, sannu da aiki.”

“Yawwa, ranka ya daɗe, kansila.”

“Haba Baba, ai ba a yi zaɓen ba tukuna.”

“To ai na ga motar ta riga zaɓen isowa.”

Lukmanu ya yi dariya, ya tsuguna, ya faɗi abin da ya kawo shi. Mako shida kawai, in ji shi, har dashe ya kama ƙasa.

“Su kuma shanun su ɗauki azumin mako shida?”

“Su nemi wani wuri, Baba. Ƙasar Allah da faɗi.” Ya sassauta murya. “Ni na ɗauka kai za ka fi kowa saurin yarda. Bayan abin da suka yi wa Amiru.”

Amiru shi ne babban ɗan Tambaya. Shekararsa ashirin da uku lokacin da ya tafi lodin kwanduna a wani kanal ta wajen Kadawa, a ranin 2002. Faɗa ya tashi tsakanin manoman wurin da makiyaya, sanda ta same shi a ƙeya, bai ma san kan rigimar ba. Ya kwana biyu a asibiti a Kano, ya cika ranar Talata da hantsi. Ba a taɓa sanin mai sandar ba. Bayan sadakar bakwai Tambaya ya hau keke shi kaɗai ya je wurin, ya bi kanal ɗin da ƙafa har ƙarshe. Ya tarar da mashayar makiyayan a bushe, an kewaye ta da ƙaya an shuka albasa a ciki. Bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Har yau in aka tambaye shi 'ya'yansa nawa, biyar yake cewa, bai taɓa rage ɗaya ba.

Tambaya ya ajiye dashen da ke hannunsa ya dubi Lukmanu.

“Lukmanu, na riga na ce wa mahaifinka ƙuri'ata taka ce, ba zan janye ba. Ruwan Alhamis kuwa ba nawa ba ne balle in ba ka. Sannan kada ka ƙara ɗauko sunan yaron nan ka shigo da shi kasuwa.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kira taron manoman kanal a gindin mangwaron makarantar firamare. Ba a ce an zo cire Tambaya ba, an ce ya tsufa, a hutar da shi. Na sama suka tsayar da Muhammadu Sani, ƙanin ɗaya daga cikinsu. Aka yi yadda aka saba: kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Tambaya bai waiwaya ba sai da aka gama ƙirge. Muhammadu Sani ashirin da ɗaya, shi goma sha bakwai. Nan take sabon layin ya yanke cewa awannin Alhamis sun koma saman kanal.

Luke, wani mutumin Filato da ke noma a can ƙarshen kanal shi da matarsa Sabina, ya jawo shi gefe.

“Baba, kar ka ba su ƙarfen nan. Ka ce sai ma'aikatan ruwa sun zo. Ko ka ce ya faɗa kanal, wa zai shiga nema?”

“Luka, da layin nan aka ba ni, da shi aka karɓa. In na ce yau layi bai iya ba, to ranar da ya ba ni ma bai iya ba ke nan.”

Ya kai Muhammadu Sani har bakin ƙofar, ya miƙa masa makullin, ya nuna masa cewa a murɗi na bakwai takan cije, sai an koma baya rabi sannan ta tafi. Muhammadu Sani ya kasa haɗa ido da shi.

Daga nan bai koma gida ba, ya nufi ruga. Ya fi son Ardo Gidaɗo ya ji daga bakinsa kafin shanu su je su tarar da taɓo.

“A'a, Kaɗo! Yau kuma nonon banza aka zo sha?” in ji Gidaɗo, yana shimfiɗa masa buzu.

“Wanda rabinsa ruwa ne? Ai ni mai ruwa ne, Ardo, ba a sayar min da nawa.”

Da suka zauna ya faɗa masa komai, har da ƙirgen. Dariyar Gidaɗo ta ɗauke.

“Tambaya, shanu ɗari uku ne. Abin da ke kwarin nan ba zai wuce Alhamis ba. Ni tsoho ne, zan iya haƙuri. Samarina ba za su tsaya suna kallon saniya tana lasar ƙasa ba, ga ruwa yana wucewa a gabansu.”

“Riƙe min su zuwa Asabar ta sama.”

“Me ke zuwa Asabar?”

“Ranata ce.”

Awa huɗu gare shi a safiyar Asabar, a kan eka ɗaya da rabi ta tumatir. Da ya gaya wa matarsa Hajara abin da zai yi, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

“Malam, dashen nan kwanansa tara. Shi ne abincinmu na bana.”

“Na sani.”

Ta dube shi. Ita ma ta san inda ya je da keke a wancan rani, ko da bai taɓa faɗa ba. Ta ce, “To a bar min layi goma na bakin kanal. Ni da yara za mu ba su da bokiti.”

Asabar da sassafe Muhammadu Sani ya buɗe ƙofa. Da ya ga Tambaya ya bar bakin gonarsa a toshe, ya ce, “Baba, awanninka ne. Ka sha ko ka zubar, ba mai hana ka.” Tambaya ya ɗauki fartanya ya bi kan ruwan a ƙafa, yana tafiya daidai tafiyarsa, yana janye ciyawa da tarkacen da ke tare shi, kamar mai yi wa baƙo rakiya. Duk gonar da suka wuce mai ita yana tsaye yana kallo. Wani daga cikin na sama ya ɗaga murya ya ce, “Malam Tambaya ya koma kiwo!” Aka yi dariya. Amma ba wanda ya huda gaɓa ya ɗebi ko tafin hannu, don ruwan yana da mai shi, ga shi nan a tsaye.

Kwarin bai cika ba, rabi da ɗan abu ya yi. Mako na biyu Luke ya bar awa ɗaya daga nasa ta wuce. Sai Ummulkhairi, wata gwauruwa mai rabin eka, ta ba da rabin awa, ta ce iyakar ƙarfinta ke nan. Gidaɗo ya tura 'ya'yansa biyu kudu da rabin garken tun kafin lokacin tafiyarsu ya yi, sauran suka riƙa sha da lissafi.

Ranar zaɓe Tambaya ya jefa wa Lukmanu ƙuri'a kamar yadda ya alkawarta. Da suka haɗu a bakin rumfa ya ce masa, “Na cika wa mahaifinka. Ta gaba kuma sai ka nema da halinka.” Lukmanu ya ci kujerar.

Mako shida suka wuce, na sama ba su ko ambaci mayar da awannin ba. Zuwa lokacin masu barin ruwansu ya wuce sun kai goma sha biyu, cikinsu har da uku da suka tsaya a bayan Muhammadu Sani. Rabon ya rikice: wannan ya bar minti ashirin ranar Litinin, wancan awa guda ranar Laraba, sabon mai makulli yana ta safa da marwa tsakanin ƙofa da kwari. A watan Fabrairu shi da kansa ya kira taro, ya ce ya gaji, a koma yadda ake. Tambaya ya miƙe ya roƙi a bar Ardo Gidaɗo ya tsaya a layi shi ma, tunda maganar ta shafe shi. Aka ƙi, aka ce layin masu gona ne. Batun ruwan kuwa ya wuce da rinjayen mutum biyu, amma awa uku aka yarda, ba biyar ba. Ba wanda ya kawo zancen mayar wa Tambaya makulli, shi ma bai nema ba.

A ranin nan duka saniya ɗaya ba ta hau gaɓar kanal ɗin Zangon Marke ba. Tumatirin Tambaya ya ƙone sai layukan Hajara, kwando goma sha ɗaya suka samu inda suka saba samun sittin. Ya sayar da tumakinsa biyu kafin damina.

Da aka kwashe amfanin rani gonaki suka zama fili, wata ranar da la'asar sai ga Gidaɗo da sauran garkensa a bakin gonar Tambaya. Ya ce a nan za su riƙa kwana har ruwan sama ya sauka.

“Ardo, ban da abin biyan taki bana.”

“Wa ya tambaye ka? Gonar ce na ga ta rame kamar mai ita. Matsa min, Kaɗo, ka tare wa shanu hanya.”