Safiyar da Kwamfutocin Hajj Suka Koma Hijira

Akwai wata safiyar Lahadi a Gadarif, can ƙasar Sudan, da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. In za a bi ta gaskiya, babu wanda ya ji ciwo, babu abin da ya ƙone, kuma wataƙila waɗanda suka halarta sun manta tun kafin la'asar. Ni ne dai har yau take mini kamar jiya.

A lokacin ban daɗe da gama jami'a da hidimar ƙasa ba, na dawo gida da takarda a hannu, babu aiki. Kawuna, mai sayar da riɗi a kasuwa, shi ya kai ni wurin wani amininsa mai ma'ahadi, wato makarantar koyar da kwamfuta, wanda kowa ke kira Hajj. Hajj ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa kawu, "Wata ɗaya na gwaji. In ya iya, namu ne. In bai iya ba, naka ne." Da muka fito kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Ya waladi, ɗana, fuskata na ajiye a wurin nan. Ka kula da ita."

Aikin da aka ba ni shi ne in shirya kwamfutoci goma sha takwas don wani kwas na magatakardan ƙungiyoyin manoma da za su zo daga garuruwan Mafaza da Hawata, su koyi rubuta ƙananan manhajoji na adana bayanan gonaki da ruwan sama. Kowace kwamfuta tana buƙatar babbar manhajar da ake rubutun a cikinta, sannan da ƙananan da ake liƙa mata don ƙara mata aiki, waɗanda muke kira idafat. Samun su ma wahala ce, domin a shekarun nan na takunkumi, shafuka da yawa da zarar sun gane daga Sudan kake sai su rufe maka ƙofa cikin ladabi. Wani abokina ne ya tattaro mini su a filash daga Hartum.

Da hannu, kwamfuta ɗaya na cin rabin yini. Sai na ce bari in rubuta sikirif, wato jerin umarni da zai yi komai da kansa: ya girka babbar manhajar, ya duba kowace idafa ko ta dace da ita, ya liƙa ta, ya wuce gaba. Rubuta shi kwana biyu ya ɗauke ni. Sauran mako ukun kuwa a tsoro na ƙarar da su. Na buɗe littafi na jera duk abin da zai iya faruwa: in an ɗauke wuta, in filash ya ƙi, in zafi ya kashe na'ura, in wani ya danna abu sau biyu. Kowane tsoro na rubuta masa maganinsa a cikin sikirif ɗin.

Wanda na fi alfahari da shi shi ne binciken kwanan wata. Tsofaffin kwamfutoci kan farka cikin wata shekarar daban in batirin agogonsu ya mutu, hakan kuma kan rikita girki. Don haka na ce wa sikirif: in ka ga ranar da aka yi idafa ta wuce ranar da kwamfuta ke nunawa, to akwai matsala, ka tsaya, ka goge duk abin da ka girka, ka mayar da na'urar yadda ka same ta. Har saƙon da zai nuna ni na tsara shi da Larabci, da irin maganata: "Mai yiwuwa wannan bai dace ba. Zai fi kyau a dakata, kuma Allah ne mafi sani."

Na gwada shi a kan kowace kwamfuta, ya yi aiki. Da na so in bar su a shirye kawai, sai Hajj ya ce a'a. Wani babban jami'i zai zo buɗe kwas, yana so a ga abin yana girka kansa a gaban mutane. Ranar Alhamis na goge komai na tafi gida. Ranar Asabar na haɗu da Hajj a bakin masallaci, ya ce mini da fara'a, "Ya bashmuhandis, babban injiniya, na shiga na ɗan gyara maka kwamfutocin." Na so in ji abin da ya yi. Amma yaya za a yi ɗan gwaji ya tambayi dattijo, aminin kawunsa, me ya taɓa? Na ce, "Allah ya saka da alheri, Hajj," na ce wa raina wataƙila ƙura ya share.

Lahadi ɗakin ya cika. Magatakarda cikin fararen jallabiyoyi, jami'in a kujerar gaba da sandarsa, kawuna a bakin ƙofa ya bar rumfarsa don ya gani. Hajj ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ma'ahadinsa ke haɗa ilimin zamani da asali. Sannan ya ce in fara. Na yi bismillah na danna.

Minti biyu komai na tafiya. Sai kwamfuta ta farko ta tsaya, ta goge abin da ta girka, ta fito da saƙona. Ta biyu ta bi ta. Kafin in miƙe, dukkan sha takwas ɗin, har da babban allon da ke bango, suna ba taron shawarar a dakata.

Wani dattijon magatakarda daga Hawata ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, sannan ya ce, "Ya ustaz, wannan na'ura ce ko mai neman aure? Ko a gidan surukai ban ga kunya irin wannan ba." Ɗakin ya kwashe da dariya. Ban kalli bakin ƙofa ba.

Na sunkuya kan wata kwamfuta ina danne-dannen da ni kaina ban san amfaninsu ba, sai idona ya kai ƙasan allo inda agogo yake. Watan da aka rubuta ba na Miladiyya ba ne. Ashe gyaran Hajj ke nan: ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su kalandar Hijira, don in jami'in ya leƙa ya ga haka. A zamanin, irin wannan ba ƙaramar daraja take ƙara wa wuri ba. Shi kuwa sikirif ɗina ya dubi shekarar kwamfuta, ya dubi ta idafat, ya yanke cewa saura kusan shekara ɗari shida a ƙirƙiro su. Bisa tarbiyyar da na ba shi, ya ƙi amincewa.

Hanya biyu ce a gabana. Mai sauƙin ita ce in mayar da kalandar yadda take. Amma ku yi tunanin ɗan gwaji yana cire watan Musulunci daga kwamfuta goma sha takwas, a kan babban allo, a gaban jami'in gwamnatin wancan lokaci, kuma kowa ya gane wanda ya sa shi. Ta biyun ita ce in cire binciken nan nawa, in bar sikirif ya yi aiki ba kariya, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba.

Hajj ya matso ya raɗa mini, "Akwai mushkila?"

Na ce, "Ina ganin... wataƙila ƙarama ce, Hajj. Daga wajena take."

Na buɗe sikirif, na goge layukan da na yi kwanaki ina ƙawatawa. Na sake dannawa. Cikin minti goma komai ya zauna daram, babu idafa ɗaya da ta yi gardama. Jami'in ya tashi ya zagaya, ya nuna ƙasan allo da sandarsa ya ce, "Masha Allah, har da tarihinmu take aiki." Hajj ya dafa ƙirji ya ce ai tun farko shi ya nace a kan haka, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Da yamma ya kira ni ofis, ya sa aka kawo jabana, gahawarmu ta gida, ya ce in zo gobe da hotona biyu don a buɗe mini fayil. Sai ya ƙara da nasiha: "Aikinka mai kyau ne, amma ka riƙa gwada abu kafin ranar taro." Na ce, "In sha Allah, Hajj." Shekara huɗu na yi a wurinsa, ban taɓa gaya masa ba.

Har yau ina rubuta irin waɗannan sikirif, kuma ban daina tsoro ba, sai dai na canza inda nake kai shi. Na koyi cewa na'ura ba ta canza kanta tsakanin Alhamis da Lahadi, mutum ne ke yi, kuma galibi da kyakkyawar niyya. Don haka duk wanda ya ce mini ya ɗan gyara wani abu, ko da sa'an kakana ne, nakan gaishe shi da kyau, in yi masa godiya, sannan in ce, "Don Allah, nuna mini inda ka taɓa."