Dutsen Gugar Tukwanen Inna

Shekarar da aka kai ni gidan miji a Kutemeshi, na tarar surukata, da kowa ke kira Inna, maginiyar tukwane ce. Tana da wani dutse kamar babban yatsa, baƙi-baƙi, in ka ɗaga shi a rana sai ka ga kamar an kulle hayaƙi a cikin gilashi. Da gefensa mai santsi take goge tukunya in ta sha iska, har ta yi sheƙi.

Ni kuwa ina koyarwa a firamare. Na gane ƙanƙarar dutse ce, irin wadda ke tsirowa a tsagar duwatsu daga ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa. Wata Laraba na ɗauke shi ban tambaya ba, na kai aji. Na karce kwalba da shi, yara suka yi ta sowa.

Da na dawo, na iske Inna ta birkice ɗakinta tana neman dutsen, tukwane huɗu sun bushe ba guga.

Na durƙusa na miƙa mata. "Inna, ni ce na kai shi aji na nuna wa yara. Ki yafe mini."

Ta juya shi a tafin hannu. Hausarta da ɗan karin Gwari take fita. "Malama, me kika ce musu a kansa?"

Na ce asalinsa fari ne, daɗewa cikin wasu duwatsu ce ke rina shi a hankali.

"Kin faɗa musu in ya shiga wuta fari yake komawa?"

Ban sani ba. Ta yi dariya har da tafi. Ashe na mahaifiyarta ya taɓa faɗawa ramin gashin tukwane, aka tono shi fari fat.

Ranar Asabar ta tashe ni da sassafe, muka bi rafin da ke bakin daji. Ta nuna mini inda ruwa ya zaizaye gaɓa. Muka yi ta tono har hantsi, zanena ya yi kaca-kaca da laka, kafin na samu nawa, ɗan ƙarami mai gefe shida.

"Wannan na makaranta ne," in ji ta. "Nawa na aiki."

Yanzu ba mai zuwa rafin nan saboda 'yan bindiga, kuma mun bar Kutemeshi mun dawo cikin gari da ita. Idonta ya yi rauni, ta daina gini, amma duk tukunyar da na sayo a kasuwa sai ta shafa ta da hannu, ta ce wadda ta gina ta ta yi gaggawa wajen guga.