Hutun da Malam Bukar Ya Rasu a Cikinsa

Daminar bana ce ta cika shekara goma sha biyu da rasuwar yayana, Malam Bukar, malamin elementare, Allah ya jiƙansa. Ni ba ma'abocin rubutu a jarida ba ne. Sana'ata bandar kifi, ina saro ta a fadamar Guri ina kawowa kasuwar Hadejia, ɗan bokon da nake taɓawa kuwa shi ya koya mini a zauren gidanmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da aka shiga maganar mulkin kai ake ta alkawarin gyara albashin malamai, a kasuwa kuma ana cewa gyaran me, mutanen da ke kwance rabin damina ana biyansu. Na san maganar nan, na kuma san abin da ta ci a gidanmu.

A lokacinsa ma haka gari yake kallon malami. In Yaya ya wuce da farar rigarsa sai a ce ga ɗan gatan Nasara. Mahauci ya ƙara masa kuɗin nama, dangi su cika zaure a ƙarshen wata. Ba wanda ya san rigar ɗaya ce, matarsa Falmata ke wanke ta ran Juma'a da safe, ya jira ta bushe kafin masallaci.

Hutun da ake masa hassada a kai, ni ban taɓa ganinsa ba. Ana rufe makaranta sai a haɗa shi da masu ƙidayar haraji, tunda ya iya rubutu. Ya dawo, a tura shi ƙauyuka neman yaran da za a ɗauka baɗi, iyaye suna ɓoye su a rumbu suna tsine masa. Ya dawo, ga jinkar aji tana yoyo, shi zai tsaya a kan gyara. Gonar shinkafar da muka gada ni kaɗai nake nomewa, shi sai dai ya zo ya ga an yi girbi, ya ce, "Garba, Allah ya yi albarka," yana sunkuyar da kai.

Wata shekara aka tara malamai kafin hutu. Ban halarta ba, amma abokan aikinsa biyu sun ba ni labari a wurare dabam, bakinsu ya zo ɗaya. Wani ya yi kukan cewa akawun ofis ya fi malami samu. Baturen makaranta, wanda ya iya Hausa sosai, ya ce akawu ba shi da dogon hutu irin nasu, hutun ma ai albashi ne. Sai Yaya ya miƙe ya gaisa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in hutu albashi ne, to ana yanke mana shi. Ni ban taɓa karɓar nawa cikakke ba." Ɗakin ya ɗauki dariya. Baturen ma ya dara, sannan ya tambayi sunansa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba: Malam Sambo, mai duba makarantu, wanda shi ke rabon ayyukan hutu.

Kafin a koma makaranta aka ce an yi wa Yaya ƙarin girma, ya zama hedimasta a wani ƙauye can cikin fadama, inda ruwa ke rufe hanya duk damina. Aji ɗaya ne. Shi ne hedimasta, shi ne malami, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, albashi kuma yana nan inda yake. Malam Sambo da kansa ya tako har gidanmu da goro yana taya murna. Yana fita na ce, "Yaya, wannan ba girma ba ne, kora ce."

Ya ce, "Ka shiga zuciyar wani ka gani? Yaran can ma yara ne."

Ya tafi, ya yi aikinsa. Damina ta biyu da zuwansa, hutu ya zo, ya riga ya turo Falmata da yara gida, shi ma ya ɗaure kayansa. Sai masinja ya iso da saƙon baka: ya dakata, ruwa na cin bangon makaranta, ya tsaya a kan mutanen gari su yi jingar tare ruwa, ya kuma kula da gonar makaranta. Ya kwance kaya. Mutanen ƙauyen sun gaya mini bai tsaya a tudu yana nuni da yatsa ba, cikin ruwa yake wuni tare da su, har ƙugu. Jingar ta tsaya, amma zazzaɓi ya kama shi.

Wani masunci ne ya tare ni a kasuwa ya ce, "Malam dai ba lafiya, ku je." Na ɗauki hayar kwale-kwale. Na same shi kwance a kan tabarma cikin aji, don ɗakinsa ya rufta. Ya rame, idanunsa sun yi rawaya. Na ɗauko shi. Muna tafe a ruwa, sauro na binmu da rana tsaka, ya buɗe ido ya ce mini kujerun yara suna ƙasa, in gaya wa mai gari a ɗora su a kan tebur. Washegarin isowarmu Hadejia ya cika.

Falmata tana cikin takaba, don haka ni na je ofis in ji ko akwai wani abu da ake bai wa iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Malam Sambo ya yi mini ta'aziyya mai tsawo, har da ƙwalla. Sannan ya ce, "Sai dai ka san cikin hutu Malam ya rasu, ba a bakin aiki ba."

Na ce, "Malam, wa ya aika masa ya zauna?"

Ya ce zai bincika. Na yi ta komawa har na gaji, ba a sami wanda ya tuna ya aiki masinja ba. Masinjan kansa an ce ya koma garinsu wajen Birniwa. Falmata ta riƙe yaranta da dakau da sayar da ƙuli-ƙuli.

Ba ni da hujjar da zan kai gaban alƙali. Mai yiwuwa ne canjin wurin bai da alaƙa da maganar taro, mai yiwuwa ne masinja ya rikita saƙo. Yaya da yana nan da ya tsawata mini kan zato. Amma na lura, bayan shi ba malamin da ya sake buɗe baki a taro ya daɗe a cikin gari. Na kuma lura Malam Sambo, wanda ya bar aiki ya shiga siyasa, yanzu shi ke hawa tebur a lacca yana kuka da halin da malamai ke ciki. Da Yaya zai ji shi, ina jin ba zai zage shi ba. Zai jira a gama tafi, ya gaisa, ya tambaya: ƙarin da za a yi, da aikin hutu aka lissafa ko babu? Saƙon aiki kuma, za a riƙa rubuta shi da sunan mai aikowa, ko dai har yanzu da baki?

Bai bar gida ba, bai bar dukiya ba, makarantar ma an sake gina ta a wani tudu. Abin da na ga ya rage nasa, a ranin da ya wuce na gan shi, da na je sarin kifi ƙauyen. Malamin da ke can yanzu, Malam Modu, ɗalibinsa ne, ɗan garin. Yana koyarwa kamar ransa zai fita, in ji iyayen yara. Amma ranar da aka ba da hutu yana kulle aji ya ɗauki fartanya, duk wanda ya zo masa da aiki kuwa sai ya ce a kawo a rubuce, a faɗi ladansa. Na ja shi gefe na ce, "Ɗana, ka yi hankali da mutanen nan, na ga abin da suke yi wa mai magana."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ina za su kai ni? Ai nan ne inda suke kai mutum."