Kwanso Hamsin na Ishaya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Ishaya, kuma sai a makon jiya na faɗi abin da na yi masa a ɓoye.

Jikan maharba ne daga kudancin Kaduna. A New York yana aikin gwajin jini a asibiti, ni kuma ina tuƙin bas. Duk kaka yakan ɗauki bindigarsa mai lasisi ya tafi farautar barewa a dazukan arewacin jihar. Harsashinsa da kansa yake sake cikawa, a ɗakin ƙasa na gidansa kusa da St. George, unguwar da sai na tsallaka ruwa da jirgi nake isa. Kwanson harsashi na tagulla yakan kumbura in an harba shi, sai a tura shi cikin wani ƙarfe mai rami ya matse shi ya koma daidai. Saita wannan ƙarfen ne aikin da Ishaya ba ya wasa da shi. Ya murɗa kaɗan, ya matse kwanso ɗaya, ya gwada, ya sake murɗawa. Ya sha gaya mini cewa in matsin ya wuce kima, kwanson na iya tsagewa a cikin bindiga, ga fuskar mutum a jingine da ita.

Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri ba. Wata Asabar ina taya shi aikin aka kira shi daga asibiti, ya haura sama da waya, ya bar ni da kwanso hamsin. Na ce wannan bawan Allah zai kai mu yamma a kan abin da bai fi ƙwayar gero ba. Na kama ƙarfen na murɗa shi sosai, na matse su duka, na mayar da shi yadda na zaci yake. Da ya sauko na ce na gama, ya dube ni, ya ce sannu da aiki. Sauri ya haifi nawa, don tun a jirgin ruwa na komawa gida na tuna gargaɗinsa. Na yi niyyar faɗa masa kafin lokacin farauta, kunya tana hana ni. Wata huɗu bayan nan zuciyarsa ta tsaya, na bar maganar ta bi shi.

Da yana raye yau, na san zai yi tsaki in ya ga masu koyon wannan aiki daga bidiyon minti biyu a waya. Amma wa zan zarga, ni da na zauna kusa da gwani na ƙi koyo?

Ranar Laraba Danladi, babban ɗansa, ya kira ni. Magidanci ne yanzu, har da 'ya mace.

"Kawu Haruna, na samu laisin ɗina na farauta. Ran Asabar zan je hontin da akwatin harsashin Baba na ƙarshe."

Nan take na tuna kwanso hamsin ɗin nan. Na ce kada ya taɓa komai sai na zo. Daga unguwarmu Highbridge zuwa gidan tafiyar awa biyu ce, na yi ta ina ganin fuskar Danladi a jingine da bindigar. A bakin ƙofa na faɗa masa komai, kaina a sunkuye. Ya wuce gaba muka sauka ɗakin.

Harsasan saman akwatin lafiya lau suke, aikin Ishaya ne. A ƙarƙashinsu akwai wata jakar leda da aka ɗaure, cikinta kwanso hamsin, babu albarushi, an lanƙwasa bakin kowanne da filaya don kada wani ya sake cika shi. Ga 'yar takarda da rubutunsa: "Na Haruna. Kada a yi masa maganar."

Ashe kifi na ganina, mai jar koma. Wata huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya duk Lahadi, yana tsokanata a kan tuƙina, bai taɓa nuna mini a fuska ba. Ya tsare ɗansa daga gangancina, ya kuma tsare mini mutuncina, duk a zama ɗaya. Na yi kuka a gaban yaron da na goya, ban ji kunya ba.

Danladi ya miƙo mini jakar, ya ce, "Kawu, Baba ya ce kada a yi maka maganar. Ni ma ban yi ba, kai ka yi."